Kwarashi da Murjani

A 2005 wasu tagwayen mata 'yan asalin Ostireliya, Margaret da Christine Wertheim, suka fara saƙa siffofin murjanin teku da ulu da kwarashi, domin jawo hankalin duniya ga halin da yake ciki. Daga baya dubban mata a ƙasashe da dama suka sa hannu.

Murjani halitta ce mai rai. Idan ruwan teku ya cika zafi, sai ya fitar da ƙananan tsirran da ke ciyar da shi, ya koɗe fari fat. In zafin ya daɗe, ya mutu. Haka ta faru a gaɓar Ostireliya a 1998, 2016 da 2024.

Na daɗe ina nazarin wannan aiki. Saƙa ba za ta sanyaya teku ba, amma tana nuna wa jama'a abin da ruwa ya ɓoye. Suratur Rahman ta ambaci murjani cikin ni'imomin Ubangiji, kuma ni a fahimtata kowace ni'ima amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.