Abin da Ba a Ci

Ranar da na dawo Danja daga Zariya bayan kammala digirina, kayana ba su wuce akwati ɗaya da wani tsohon gwangwanin madara ba. A cikin gwangwanin akwai reshen yasmin wanda bai kai kamu ɗaya ba. Wani dattijo mai lambu a Samaru ne ya yanko mini shi.

Baba ya dube shi tsaf, sannan ya ce, "Me ake ci a jikinsa?"

Ban ga laifinsa ba. Ƙasarmu ta noma ce: masara da dawa a tudu, rake da tumatir a fadama. Mutumin da tsutsa ta cinye masa tumatirinsa kaf a 2016 ba shi da lokacin tsiron da ba ya shiga tukunya. Sai dai tambayar ta sosa mini inda yake ciwo, domin ita ce ya yi mini sa'ad da na ce adabi zan karanta.

Na dasa reshen a gindin katanga ta gabas, inda hantsi yake sauka. Na gauraya ƙasar da yashi da tsohon takin awaki, domin yasmin ba ya son ruwa ya kwanta masa a saiwa. Na kafa masa karan dawa ya hau, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na barbaɗa toka saboda gara. Damina ta karɓe shi, hunturu ya kaɗe masa rabin ganye. Da bazara ta kama, rijiyar gidanmu ta ja baya, Baba ya kafa doka: ruwan da aka jawo da guga na mutane ne da dabbobi. A lokacin na rubuta takardun neman aiki har na daina ƙirgawa, kuma ina kallon tsiron yana yaushi kamar ni.

Inna ce ta raba gardamar ba tare da ta ce uffan ba. Wata safiya ta ɗauke dutsen da Baba yake tsugunawa a kai idan zai yi alwala, ta ajiye shi a gindin katangar. Tun daga ranar, sau biyar kullum, hannun da ya hana ruwa shi ne yake ba da shi.

Da ruwan farko ya sauka na rage masa rassa, domin a sabon toho yake yin fure. Furannin farare ne ƙanana, kuma sai rana ta faɗi suke buɗewa. Shi ya sa a Masar, inda ake noma shi don turare, tun kafin fitowar rana ake tsinkarsa. Wani dare bayan isha'i ƙamshin ya cika tsakar gida, ya danne har hayaƙin murhu. Kashegari na tarar Baba ya jawo tabarmarsa kusa da katangar.

Har yau ban samu aiki ba, kuma Baba bai janye tambayarsa ba. Amma makon jiya, ina yayyafa wa tsiron toka, ya tsaya a kaina ya ce, "Wai ta yaya ake samun irinsa? Ƙofar zaure ma tana da fili."

Na lanƙwaso reshe ɗaya, na binne tsakiyarsa a ƙasa, na danne shi da dutse. Na ce masa sai mun jira ya yi saiwa kafin mu yanke. Ya ce jira ai aikin manomi ne.