Harafi Ɗaya, Gida Ɗaya: Yadda Suna Ke Shiga Akwatunan Fom

A wata makarantar al'umma da ke cikin lungunan da ba su da nisa da Kasuwar Kurmi, akwai wani akawu da ya gaji kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, da rumbun bayanan ɗalibai wanda wani ya gina a manhajar Microsoft Access tun kafin zuwansa. Wata safiya shugaban makarantar ya miƙa masa wani fom mai jerin ƙananan akwatuna, ya ce yana so takardar kowane ɗalibin ajin ƙarshe ta fito daga kwamfuta da wannan siffa, harafi ɗaya a gida ɗaya, domin iyaye su duba su sa hannu kafin a buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a. Akawun ya ɗauka aikin yini guda ne. Sai da ya ci masa mako biyu, kuma ba zanen akwatunan ne ya cinye lokacin ba.

Zanen kansa ba shi da wuya. A rumbun bayanai, suna yana zaune ne a gurbi ɗaya, a haɗe, kamar zare. Mai son ya rarraba shi a rahoto yana da hanya biyu. Ta farko, ya zana akwati ga kowane harafi, ya sa wa kowanne umarnin da ake kira Mid, wanda ke cewa: je ka gurbin suna, fara daga matsayi kaza, ɗauko harafi ɗaya. Akwati na farko ya ɗauko na farko, na biyu ya ɗauko na biyu, har zuwa ƙarshe; inda suna ya ƙare, sauran gidajen su zauna fayau. Hanya ta biyu ita ce ya zaɓi zubin rubutu irin Courier, wanda faɗin kowane harafinsa ɗaya ne, ya shimfiɗa sunan a kan layukan da aka riga aka zana. Wannan ta fi sauri, sai dai da an sauya firinta ko girman takarda haruffan kan fara hawa kan layi. Akawun ya bi ta farko, ya zana gida talatin.

Akwatunan nan sun girmi kwamfutar da ke gabansa. A ƙidayar Amurka ta 1890 aka yi aiki da na'urar Herman Hollerith mai karanta kati mai huji, kuma a 1928 kamfanin IBM ya fito da katinsa mai ginshiƙi 80, wanda daga baya kowane ginshiƙinsa ya zama mazaunin harafi ko lamba ɗaya. Masu huda katin suna kwafa ne daga takardu masu gida-gida, don kada ido ya tsallake ko ya maimaita. Da aka samu na'urorin da ke karanta rubutun hannu, akwatin ya ƙara daraja, domin na'ura ta fi gane harafin da ke tsaye shi kaɗai a kan wanda ya jingina da ɗan'uwansa.

Ga lambobi, dabarar ba ta da aibi. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN guda 11 ce, ta BVN ma 11, lambar asusun banki 10. Idan gida ɗaya ya rage babu komai, ko wanda bai yi boko ba zai ga an yi tsallake. Lamba ba ta da ƙugiya, ba ta da ɗauri, tsawonta kuma sananne ne. Sunan Bahaushe kuwa yana da duk abin da lamba ba ta da shi.

Da akawun ya buga takardun farko ya baza su a kan tebur, abu uku ya gani. Na farko, haruffa masu ƙugiya. Tun shekarun 1930 rubutun boko ya zauna a kan ɓ, ɗ da ƙ, amma tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfutoci suka daɗe a kansa, gurbi 128 kawai gare shi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba su mazauni, sai dai hannuwan da suka cika rumbun makarantar shekara da shekaru kowanne ya bi son ransa. Abdulƙadir ya fito a siffa uku: wani da k tsirara, wani da alamar tambaya a gida na shida saboda an kwaso shi daga tsohon fayil da bai san harafin ba, wani kuma da ƙ ta gaskiya wadda zubin rubutun bai da ita, sai firinta ta buga ɗan murabba'i babu komai a ciki. Akwati cikin akwati.

Na biyu, alamar ɗauri da ke cikin sunaye irin Sa'adu da Rabi'atu, da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan'agundi. Shin ita ma harafi ce mai gidanta? Wani ya ba ta gida, wani ya share ta, wani ya bar fili a madadinta, sai suna ɗaya ya rabu biyu: RABI, sannan ATU.

Na uku shi ya fi tayar masa da hankali. Gida talatin ya zana, amma babu sunan da ya wuce na ashirin. Da ya leƙa tsarin rumbun, sai ya tarar wanda ya gina shi ya ƙayyade gurbin suna a harafi 20. Suna irin Muhammad Abdurrahman Abdulƙadir yana bukatar gida 31 idan an haɗa da tazara. A 20 ɗin nan Muhammad Abdurrahman kaɗai ke shiga, sunan uba ya faɗi waje. Wasu masu shigar da bayanai sun yi dabarar taƙaitawa, Muhammad ya koma Muhd ko Moh'd. Shekaru ana buga sakamakon jarrabawa da waɗannan sunaye babu wanda ya lura, domin ido kan cike abin da ya sani. Akwatunan ba su yanke sunan kowa ba. Tona asirin yankan da aka daɗe da yi suka yi.

Ana cikin haka wani dattijo, malamin allo a unguwar, ya zo da takardar jikarsa a hannu. Ya zauna a benci, ya sa tabarau, ya nuna gida na shida a layin sunan uba.

"Yaro, ina ƙugiyar da ke nan?"

"Allah gafarta Malam, kwamfuta ce ba ta fitar da ita ba."

"Kwamfuta ce ta raɗa masa suna? Ni na yanka ragon. Baƙi idan ka cire masa ƙugiya ai ya zama baki."

Akawun ya yi shiru, domin baƙi shi ne sunan da almajirai ke kiran harafi da shi. Dattijon ya ci gaba da cewa su ma sun san gidaje. A ajami haruffa riƙe suke da hannun juna, kowanne siffarsa na sauyawa gwargwadon inda ya faɗo a kalma. Ba a cika ganin harafi tsaye shi kaɗai ba sai a wajen koya wa yaro babbaƙu, ko a hatimi, inda ake zana murabba'i a raba shi gida-gida. Kuma duk mai zana hatimi, in ji shi, ya san gida ɗaya idan ya ɓaci, aikin duka ya ɓaci.

Maganar dattijon gaskiya ce, amma mayar da ƙugiyar kaɗai ba zai fid da jikarsa ba. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai neman rajista, kuma sunan da ke jikin lambar shi ne ke bin ɗalibi. Idan ya girma ya nemi fasfo, layuka biyu na ƙasan shafin hotonsa, masu gida 44 kowanne, ba sa karɓar komai sai haruffan A zuwa Z, lambobi, da wata alama mai cike gurbi. Gida 39 kacal aka ware wa suna, ɗauri kuma ba ya shiga. Wannan ƙa'ida ce ta duniya, ba a yi ta don Kano ba, ba kuma za a sauya ta daga Kurmi ba. Abin da ke jefa ɗalibi cikin wahala shi ne takardunsa su saɓa wa juna: nan Muhammad, can Muhd, nan sunan uba a gurbin sunan iyali, can sunan unguwa. Wannan na ƙarshe ma tsohuwar matsala ce, tunda fom ɗin yana tambayar sunan iyali ga mutanen da suka saba ɗaukar sunan gari ko unguwa, kamar yadda Aminu Kano, Sa'adu Zungur da Tanko Yakasai suka yi.

A daren nan akawun ya gane cewa tambaya biyu ce aka cusa a gurbi ɗaya: yaya sunan yaron yake, kuma yaya hukuma ta rubuta shi? Washegari ya raba su. Ya buɗe gurbi na farko har iyakar harafi 255 da Access ke bari, ya sa masa zubin rubutu mai ɗauke da haruffan Hausa, ya ajiye shi don cikakken suna yadda iyaye ke faɗarsa, da ƙugiyarsa da ɗaurinsa. Gurbi na biyu ya ware shi don sunan da ke jikin takardar NIN, a kwafe shi harafi da harafi, ko da an ga kuskure a ciki, domin a san da kuskuren tun da sauran lokaci. Wannan na biyun kaɗai ya bari ya shiga akwatuna. Ya kuma sa rahoton ya buga gargaɗi a gefe duk lokacin da suna ya fi gidajen yawa, maimakon ya datse wutsiyarsa a ɓoye.

Sauran kwanakin sun tafi ne a kan aikin da babu manhajar da za ta yi shi: aika yara gida su kawo takardunsu, da zama da iyaye ana karanta suna da ƙarfi. A nan aka gano 'yan kaɗan da sunansu na makaranta ya saɓa da na hukuma, har da jikar dattijon, aka tura su neman gyara tun rajista ba ta buɗe ba.

Ranar sa hannu dattijon ya dawo. Ya dubi layin sama, inda sunan ɗansa ya fito a haɗe da ƙugiyarsa. Ya dubi na ƙasa, inda sunan ya watsu gida-gida da k tsirara. Ya daɗe yana kallonsu.

"Na ƙasan nasu ne," ya ce, "na saman namu."

Sannan ya karɓi biro, ya sa hannu da ajami a inda aka bar masa fili, wanda shi kaɗai ne wurin da ba a zana wa akwati ba a duk takardar.