Wa zai biya kuɗin gubar Bagega?

1/ A aji an koya mana cewa wanda ya gurɓata muhalli shi zai biya kuɗin gyara. Ni dai in na tuna Bagega sai in ga abin ba sauƙi.

2/ A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. A gida ake niƙa dutsen zinari, ƙurar ta kwanta inda yara ke rarrafe.

3/ To wa za a maka kotu? Uban da ya binne ɗansa? Dillalan zinarin kam sun yi gaba abinsu.

4/ Sai 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, bayan matsin #SaveBagega. Shekara uku fa! Likitocin MSF na jira, don in ba a kwashe ba, magani banza ne.