Maɗacin da ke bakin hanyar Jiratawa

Ran Lahadin da ta wuce na tahi Jiratawa sayen tamakka wajen wata ƙawata mai lambu cikin fadama. Da munka sauka daga mota rana ta take, sai na nuhi inuwar da na saba zama tun ina yarinya, in na rako innata. Wani babban maɗaci ne a bakin hanya, mutum biyu ba su rungume shi. Na iske shi tsaye, amma rabin rassansa sun bushe. An saɓe mashi ɓawo tun daga gindi har inda hannun mutum ke kaiwa, saura ɗan siriri gefe guda.

Mai tuyar ƙosai da ke zama nan ta ce mani: "Yaya, kullum da asuba sai an zo da gatari. Wannan na ciwon ciki, wancan na zazzaɓi, wani na basir." Ta ja kaskonta can gefe, inda sauran inuwa take.

Ban ga laifin mai neman magani ba, ni ma na sha jiƙon maɗaci, kuma ɗacinsa har gobe ina jin shi a maƙoshi. Sai dai abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka ga saiwa. In anka zagaye icce da sara, an yanke wannan hanya ke nan, saiwa ta mutu da yunwa, sama ta biyo ta. Tsofaffinmu kan ɗebi ɗan tsiri gefe guda, su shafe wurin da laka, su bar shi ya warke kahin su dawo. Ke kuma mai ciki, kada ki sha shi sai kin tambaya a likita, yana da ƙarhi.

Maɗaci iccen ƙasarmu ne. Bedi da ya cika titunan Maraɗi baƙo ne, daga Indiya anka kawo shi. Shi kuwa maɗaci tun daga Sanigal har Sudan yake hitowa da kansa, ya hi son bakin gulbi da wuri mai damshi, kuma yakan kai mita 30. Turawan Faransa sun ga kyawonsa, sunka jera shi bakin tituna a garuruwa da yawa na yankinmu. Yau har a arewacin Ostireliya ana noma shi gona-gona sabili da jan katakonsa, mu kuwa da muke da shi kyauta muna kwashe mashi riga.

Kun san Maraɗi ta da cikin kwari take, kusa da Gulbi, sai ruwan 1945 ya cinye ta, anka tashi anka hau tudu. To tudu yashi ne, ba fadama ba. Wadda za ta dasa maɗaci a unguwa sai ta yarda da ban ruwa shekarun farko, ranin nan duka. Ba ya saurin bedi, gaskiya. Amma in ya kama, inuwarsa mai kauri ce, kuma ganyensa abincin bisashe ne lokacin da haki ya ƙare.

Da na komo, washegari na wuce Tibiri gaisuwar rasuwa. A hanya ina ta ƙirga itatuwa ta tagar mota. Gawo ga shi nan cikin gonaki, albarkar sassabin zamani da manoma sunka kama tun shekarun 1980, suna barin tohon kututture ya girma. Maɗaci ƙarami kuwa, ko ɗaya idona bai faɗa kansa ba. Waɗanda na sani duk tsofaffi ne, sa'o'in kakanninmu.

Shi ya sa na kwance bakin zanena, inda na ƙulle irin da na tsinto Jiratawa. Ɗan maɗaci kamar ƙwallo yake, mai tauri, in ya bushe ya tsage gida huɗu, iri masu faɗi kamar takarda su zubo. Ba su jimre ajiya, sai a shuka su da wuri. Na cika leda goma sha biyu da ƙasa da taki, na jera su bayan randa inda ruwa ke ɗiga. In Allah ya kai mu 3 ga Agusta, ranar dashen itace, zan kai shida lakwal ɗin unguwarmu, sauran wadda ke so ta zo ta ɗauka. Sharaɗina biyu: ki dasa shi nesa da katanga don saiwarsa na da ƙarhi, kuma ki zo da ƙayar da za ki kewaye shi, don na san awakin unguwarmu.