Jama'a Tana Haihuwa, Gona Ba Ta Haihuwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano da rani, idan ya kai ƙasar Kura, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ko'ina ƙasa ta bushe, amma nan ga alkama da tumatir da albasa kore shar, ga ruwa yana gudu cikin magudanai, ga mutane birjik a gona kamar tsakiyar damina. Haka abin ya ke har Kadawa da Garun Malam da Bunkure. Tsofaffin wurin su kan ce, a dā idan an yi haihuwa a wata unguwa kowa ya sani, yanzu kuwa mai unguwa kansa ba ya iya lissafa gidajensa. To, daga ina wannan jama'a ta fito?

Yawan mutanen gari kamar ruwan randa ya ke. Hanya biyu ya ke shiga, watau haihuwa da zuwan baƙi. Hanya biyu kuma ya ke fita, watau mutuwa da ƙaura. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya fahimci ilmin ƙidaya.

A zamanin dā haihuwa tana da yawa, amma mutuwa tana biye da ita. Mace ta kan haifi takwas, ta binne huɗu ko biyar tun ba a yaye su ba. Agana ta kan shiga gari, wanda bai mutu ba ta bar masa zane ko makanta. Ƙyanda da sanƙarau da gudawa su kan zo lokacinsu. Bayan wannan ga yunwa, kamar Kakalaba ta shekarar 1914, wadda ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Kano. Saboda haka randar ba ta cika da sauri, gama abin da ya shiga ta baki yana zurarewa ta gindi.

Sannu a hankali aka toshe wannan huda. Cikin 1967 aka soma babban lamba na agana a Afirka ta Yamma, cikin 1980 aka shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya duka. Allurar ƙyanda ta zo, asibitoci da ɗakunan shan magani suka yawaita, mota ta sa ana iya kawo hatsi daga nesa ran da fari ya faɗa wa wata ƙasa. Matan yanzu ba su fi kakanninsu haihuwa ba. 'Ya'yan ne Allah ya ke rayawa fiye da dā. Wannan shi ne tushen ƙaruwar jama'a, abin godiya ne kuwa.

Ƙasar Kura da Bunkure tana da wani dalili na biyu, shi ne ruwa. Zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta cikin 1974, daidai lokacin da babban fari ya addabi Arewa. Dubban mutanen da ruwa ya cinye garuruwansu aka tashe su, aka sake musu mazauni. Daga Tiga aka haƙa babbar magudana, ruwa yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, aka shirya ba da ruwa ga hekta 22,000 a kashi na farko. Cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Kafin zuwan ruwan, an san Kura da rini, baƙin yadinta har Buzayen Sahara su ke saye. Amma talaka manomi, da ya kai amfaninsa rumbu, sai ya ɗauki sanda da buhu ya tafi cin rani, ba ya komowa sai hadari ya taso. Da ruwa ya zo sai kiɗa ya sake, rawa ma ta sake. Mai tafiya ya zauna, na nesa kuma ya zo ƙwadago: dashen shinkafa, tsinkar tumatir, dako a kasuwar Kwanar Gafan, aikin injin casa a Kura. Waɗansu su kan koma gida, waɗansu su yi aure su kafa gida. Ƙofar fita ta ƙuntata, ƙofar shiga ta buɗe.

Ƙidaya ta nuna haka. Cikin 1991 an sami mutum wajen miliyan 5.8 a Jihar Kano, cikin 2006 aka sami miliyan 9.4. Watau cikin shekara 15 kaɗai an ƙaru da fiye da rabi. A ƙidayar 2006 ɗin Ƙaramar Hukumar Kura tana da mutum wajen 145,000, Bunkure kuwa wajen 170,000. Masu lissafi sun ce jama'ar da ke ƙaruwa da mutum 3 bisa kowane 100 a shekara ta kan ninka kanta cikin shekara 24 ko kusa da haka. Yaron da aka raɗa wa suna bana, kafin ya ɗauki ɗansa na fari, garinsu ya zama biyu.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne. Amma hekta ba ta haihuwa, magudana kuma tana da iyakar inda ta ke kaiwa. A ɗauka wani magidanci yana da eka 6 a bakin ruwa, ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da mata biyu. Idan an fitar da tumunin takaba aka raba gado, kowane namiji ba zai kai eka 2 ba. Idan shi ma ya bar irin wannan iyali, jikan zai tashi da ɗan abin da bai fi rabin eka da kaɗan ba. Daga nan sai jingina, sai sayarwa ga mai kuɗi daga birni, sai jikan mai gona ya wayi gari yana ƙwadago a gonar kakansa. Daga nan kuma rigima kan ruwa ta kan taso tsakanin na bakin magudana da na ƙarshenta.

Mutuwar yara ma ba ta tafi duka ba. Ruwan da ya kawo shinkafa ya kawo sauro, yaran da ke wanka a magudana kuma su kan kamu da tsargiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 187 cikin kowane 1,000 su kan rasu kafin su cika shekara biyar, alhali mace ta kan haifi shida ko bakwai. Kowane ɗaya cikin wannan adadi ɗan wani gida ne, an yi masa suna, an yanka masa rago.

Me ya kamata magidanci mai hankali ya yi? Iyayen dā sun san maganin wani sashe: uwa ta shayar da ɗa shekara biyu cur, ta huta kafin wani ciki, shi ya sa a ke yi wa mai kwanika faɗa. Ya kai mai ciki awo, ya kai jariri rigakafi, ya rataya gidan sauro. Ya sa yara makaranta, maza da mata, ya koya wa waɗansu sana'a, domin ba dukansu ne gonar za ta ɗauka ba. Ya fita gayyar yashe magudana, gama ruwan na jikokinsa ne.

Saura ɗaya, ita ce ta wanda ya koyi karatu da rubutu. A dā mutane sun tsani ƙidaya domin haraji ke binta, har a kan ɓoye samari idan malamin dagaci ya iso. An soke haraji a Kano tun 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Yanzu da lissafin jama'a a ke raba makarantu da magani da rijiyoyi, garin da ya ɓoye 'ya'yansa kuwa rabonsa ya ɓoye. To, mai karatu ya sami ɗan littafi, ya rubuta ranar haihuwar kowane yaro na gidansa da ranar rasuwar wanda ya rasu, ya karɓi takardar haihuwa, ya taimaki maƙwabcin da bai iya ba. Ran da ya zauna ya gwama yawan bakunan da ke gidansa da faɗin gonarsa, ran nan alƙalaminsa ya biya shi wahalar koyo. Allah ya raya zuriya, ya sa albarka cikin ruwa da ƙasa, amin.