256 da 9: Lissafin da Ya Firgita Malthus

A shekarar 1798, wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Thomas Malthus ya wallafa littafi kan yawan jama'a, wanda har yau ake gardama a kansa. Ginshiƙin hujjarsa jerin lambobi ne guda biyu. Abinci, a ganinsa, yana ƙaruwa da awo ɗaya a kowane zango na shekara 25: 1, 2, 3, 4, 5. Jama'a kuwa, idan babu abin da ya tare su, ninkawa suke yi a kowane zango: 1, 2, 4, 8, 16.

Na farko jerin ƙari ne, na biyu jerin ninki. Kowannensu ƙa'ida ce da ake ba ta lambar zango ta mayar da amsa ɗaya tak, ba sai an hau tsani mataki-mataki ba. A jerin ƙari, a ɗora lambar zangon a kan 1. A jerin ninki, a ruɓanya 1 sau adadin zangunan. Shekara 200 zango 8 ke nan: abinci ya kai 9, bakunan ci sun kai 256.

Lissafin kansa ba shi da aibi, domin komai nisan da jerin ƙari ya yi, jerin ninki zai cim masa ya wuce. Inda gizo yake saƙa shi ne zaton cewa duniya za ta dawwama a kan awo ɗaya. A 1909 Fritz Haber ya samar da amoniya daga iska a Jamus, hanyar da ta haifar da takin zamani mai yawa. Irin alkamar da Norman Borlaug ya inganta a Meziko ya bunƙasa girbi a Indiya da Pakistan a shekarun 1960. Sannan iyalai a ƙasashe da dama suka rage haihuwa. Jama'ar duniya sun tashi daga kimanin biliyan 1 a zamanin Malthus zuwa biliyan 8 a 2022, wato ninki uku, alhali ƙa'idarsa za ta ba da kusan tara.

Duk da haka gargaɗinsa bai mutu ba. Ma'aikacin da ake ƙara wa albashi da kuɗi ƙayyadaddu duk shekara yana kan jerin ƙari. Farashin da ke hawa da kashi 20 cikin 100 yana kan jerin ninki, kuma shekara huɗu sun ishe shi ya ninka.