Yakushin Kare a Inda Asibiti Ya Yi Nisa

A garuruwan gabashin Sakkwato, daga Turba da Bafarawa a ƙaramar hukumar Isa har zuwa Gatawa da Tsamaye a Sabon Birni, kowa ya san mahaukacin kare da alamunsa: dalalar yawu, da gudu ba kan gado, da kai cizo ga duk abin da ya gifta. Idan irin wannan ya ciji yaro, gida kan tashi tsaye. Abin da ba a cika tsoro ba shi ne yakushin ɗan kwikwiyo, ko na kyanwa, wadda Sakkwatawa ke kira mussa. Akan goge wurin da gefen zane, yaro ya koma wasa.

Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Kare da kyanwa kuwa ba sa rabuwa da lasar ƙafafunsu, don haka farce kan ɗauki yawu ya kai shi ƙarƙashin fata. Daga nan ƙwayar takan bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako 1, wani lokaci shekara guda, kuma idan raunin ya fi kusa da kai, tafiyar kan fi sauri. Kafin alamu su bayyana, tabon ya warke, an manta da shi. Da zarar majinyaci ya fara firgita da ganin ruwa, ya kasa haɗiya, kusan babu wanda ke tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A watan Yunin 2025, wata mata 'yar Ingila ta rasu da cutar, wata huɗu bayan ɗan kwikwiyo ya yakushe ta a Maroko. Ƙasarta ba ta rasa magani ba. Raunin ne ya yi ƙanƙanta har ba a ga dalilin zuwa asibiti ba.

A ƙasar Gobir, rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suka taru a cikin garin Isa da Sabon Birni. Mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa neman karensa, kuma karen da aka bari yakan koma yawo tsakanin kufai da bakin kasuwa. Likitan dabbobi ba ya iya shiga ƙauyen da soja ma sai da shiri yake shiga. Allurar rigakafi tana buƙatar firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, ga kuma hanyar Goronyo zuwa Sakkwato da matafiyi ke yi wa lissafi sau biyu. Uban da zai auna kuɗin mota da haɗarin hanya a kan ɗan karcen da ko jini bai yi ba, ba sakaci ne ke sa shi jinkiri ba.

Matakin farko dai yana hannun kowa. A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a shafa aidin idan akwai. Toka da barkono da ɗauri ba sa kashe ƙwayar. Bayan wankin, hukumar ta raba hukunci gida uku. Lasa a lafiyayyar fata ba ta buƙatar allura. Yakushi mara jini yana buƙatar allurar rigakafi, a ranar farko, da kwana 3, da kwana 7 bayanta, a wani tsarin da ƙarin guda tsakanin kwana 14 da 28. Raunin da ya huda fata kuwa, ko yawu a ido ko baki, yana buƙatar ƙarin wata allurar garkuwa da ake yi a bakin raunin. Idan dabbar ta gida ce, a tsare ta kwana 10: in tana nan lafiya, ba ta ɗauke da cutar a yawunta ranar da abin ya faru. Amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara allura, kuma karen yawo ba ya tsayawa a duba shi. Tsarkin kyanwa a fiƙihu ma hukunci ne na ibada, ba shaidar lafiyarta ba.

Tun 6 ga Yulin 1885, da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa, duniya ta san hanyar tsira. Masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwar cutar, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa allurar karnuka. Wannan aikin hukuma ne, kuma ya dace 'yan majalisar yankin su ji tambaya a kansa.

Kafin nan, nauyin yana kan ma'aikacin da ke Sakkwato ko Abuja, wanda 'yan'uwa ke bugo wa waya daga gida. Idan an ambaci yakushi a tsakiyar gaisuwa, tambayoyi uku sun isa: wace dabba ce, an wanke da sabulu, kuma wane asibiti mafi kusa ne ke da allurar? Kuɗin motar da zai tura a ranar sun fi duk abin da zai kashe bayan wata biyu amfani.